Mahaɗi mai raba nauyi da hana lilo: tambayoyi da amsoshi ga mai jan tirelar kwana

Mene ne ainihin aikin mahaɗi mai raba nauyi?

Tirelar kwana, wato ɗakin da ake ja da mota mai ɗauke da gado da kicin da banɗaki, ba dukkan nauyinta ne ke sauka a kan tayoyinta ba. Wani kaso yana sauka ne a kan ƙwallon ƙarfen da ke bayan mota, kuma wannan kason shi ne za mu riƙa kira nauyin baki. Matsalar ita ce ƙwallon yana can bayan ƙafafun baya na mota, don haka idan aka danna shi ƙasa sai motar ta zama kamar sikelin awo: baya ya nutse, gaba ya ɗaga. A ɗauki motar da tazarar da ke tsakanin ƙafafunta na gaba da na baya mita 3.6 ce, ƙwallon kuma yana mita 1.2 a bayan ƙafafun baya. Idan aka ɗora mata nauyin baki na kilo 400, ƙafafun gaba za su rasa kimanin kilo 133, na baya kuma za su ɗauki ƙarin kilo 533, wato abin da aka ɗora da kuma abin da aka kwashe daga gaba. Ƙafafun gaba kuwa su ne ke juya mota, su ne kuma ke yin mafi yawan aikin birki. Shi ya sa direba ke jin sitiyari ya yi sako-sako a hannunsa, fitilun gaba suna haska sama, birki kuma yana buƙatar doguwar tazara kafin ya tsayar da mota.

Mahaɗi shi ne ƙarfen da ke haɗa tirela da mota, kuma mai raba nauyi yana da sanduna biyu na ƙarfen sifirin waɗanda ke fitowa daga kan mahaɗin su miƙe baya, a ɗaure ƙarshensu a jikin ƙarfen gaban tirela. Idan aka ɗaga ƙarshen sandunan aka ɗaure su da ƙarfi, sai su murɗa kan mahaɗin ta yadda bayan mota zai ɗago, wani ɓangare na nauyin ya koma ƙafafun gaba, wani kuma ya koma kan tayoyin tirela.

Yana rage nauyin baki ne, ko yana ƙara wa mota ƙarfin ja?

Ko ɗaya ba ya yi, kuma wannan ita ce amsar da nake so mai karatu ya riƙe fiye da kowace a shafin nan. Nauyin baki yana nan yadda yake; abin da ya canza shi ne tayoyin da ke ɗauke da shi. Iyakar nauyin da kamfani ya yanke wa mota ta ja, da iyakar kayan da za ta ɗauka, da iyakar kowane aksil, wato ƙarfen da ke haɗa tayar dama da ta hagu, duk suna nan ba su motsa ba. Hasali ma mahaɗin kansa ƙarfe ne mai nauyi, yawancinsu tsakanin kilo 30 zuwa 50, wasu manyan har su kusan kilo 90, kuma wannan nauyin daga cikin kason kayan da motar ke iya ɗauka ake cire shi. Wanda tirelarsa ta fi ƙarfin motarsa ba shi da magani a shagon kayan ƙarfe; ko ya rage kaya, ko ya canza mota, ko ya canza tirela.

Yaya mutum zai san yana buƙatarsa?

Littafin mota ne ke da magana ta farko. A Amurka, inda aka fi amfani da irin wannan mahaɗi, kamfanoni da dama suna wajabta shi a kan matsakaitan motocin a-kori-kura da zarar tirela ta wuce laba 5,000, wato kusan kilo 2,270, ko nauyin baki ya wuce laba 500. A jikin gurbin da ake zura mahaɗi a bayan mota akwai takardar da aka manna mai ɗauke da lambobi kashi biyu: iyakar nauyi idan ƙwallo ne zalla, da iyakar nauyi idan akwai sandunan raba nauyi. Ta biyun ta kan fi ta farko yawa sosai. Idan tirelar ta wuce lambar farko amma ba ta kai ta biyu ba, to babu zaɓi, dole ne a sa shi. Bayan lambobi kuma ido ma yana gani: idan aka ɗora tirela bayan mota ya durƙusa, gaba ya ɗaga a fili, buƙata ta bayyana.

Akwai motoci ko tirelolin da bai dace a sa musu shi ba?

Akwai. Sandunan suna murɗa gurbin mahaɗi da shasin mota da ƙarfi, kuma ba kowace mota aka ƙera don ta jure wannan murɗar ba. Wasu motocin da bodinsu da shasinsu abu ɗaya ne, da motocin Turai da yawa, littafinsu ya hana shi ƙarara. A Turai ma tsarin daban ne: tirelolinsu ba su da nauyin baki mai yawa, kuma sun fi dogara ga kan mahaɗi mai matse ƙwallo, irin na kamfanin AL-KO. Haka nan wasu ƙananan tireloli masu siririn ƙarfen gaba ko na alminiyam, masu ƙera su sun hana shi ko sun sa iyaka ga ƙarfin sandunan. Tirelar da birkinta ke kamawa ta hanyar turowar da take yi wa mota idan an rage gudu ita ma tana buƙatar kulawa, domin sanduna na iya hana bakin zamewa gaba da baya, birkin ya ƙi aiki yadda ya kamata. Sai an tabbatar mai ƙera mahaɗin ya amince da irin wannan birki kafin a saya.

Wane girma zan saya?

A nan ne mutane suka fi yin kuskure, kuma tushen kuskuren ɗaya ne: dogara ga lambar da ke cikin takardar talla. Nauyin bakin da ake bugawa a can na tirela ce babu komai a cikinta, sau da yawa babu tukwanen gas, babu batir, babu ruwa. Tukwanen gas da batir kuwa a kan ƙarfen gaba suke zama, daf da ƙwallo, mafi yawan nauyinsu a baki yake sauka. Ma'ajiyar kaya ta gaba ma haka. Ruwa kuma kowace lita kilo ɗaya ce, saboda haka tankin lita 150 da ke gaban tayoyin tirela yana iya canza lissafin gaba ɗaya.

Ƙa'idar da aka daɗe a kanta ita ce nauyin baki ya kasance kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyin tirela bayan an loda ta tsaf don tafiya. Idan ba a riga an sami damar aunawa ba, hanya mafi aminci ita ce a ɗauki iyakar nauyin tirela da aka rubuta a jikinta, wadda ake nunawa da haruffan GVWR, a lissafa kashi 13 cikin ɗari nata. Sannan a ƙara nauyin duk wani kaya da za a ɗora a cikin mota a bayan ƙafafun baya, kamar janareta ko akwatin kayan aiki, domin shi ma sandunan ne za su yi fama da shi. Misali, tirela mai laba 6,500 da lodi za ta ba da nauyin baki na laba 845. Idan akwai kaya na laba 100 a ƙarshen bodin mota, jimla ta zama 945, sai a nemi sanduna na laba 1,000. Ana sayar da sanduna a matakai irin su laba 600, 800, 1,000, 1,200 da 1,400, kuma abin nema shi ne matakin da nauyin mutum ya faɗo cikinsa ba tare da ya manne da iyakarsa ba.

Wasu suna ganin sayen mafi ƙarfi shi ne taka-tsantsan. Ban yarda da haka ba. Sandar da ta yi wa tirela ƙarfi ba ta lanƙwasawa yadda ake so, don haka duk ramin da aka faɗa ko tudun da aka hau, bugun yana wucewa kai tsaye zuwa ƙarfen gaban tirela da shasin mota. Tafiya ta yi tauri, kayan cikin tirela su jijjigu, ƙarfen gaba kuma yana iya lanƙwashewa ko ya tsage a kwana a tashi. Wadda ta yi rauni kuma ba za ta iya mayar da isasshen nauyi gaba ba ko an ɗaure ta har ƙarshe.

Ta yaya ake auna nauyin baki?

Akwai ƙaramin sikeli da aka yi musamman don haka, wanda ake ɗora bakin tirela a kansa a daidai tsayin da take zama idan tana jikin mota. Hanya mafi cikar bayani kuwa ita ce sikelin manyan motoci, a hau shi sau uku: mota da tirela da sanduna a ɗaure, sannan mota da tirela bayan an kwance sanduna, sannan mota ita kaɗai. Idan aka cire nauyin motar ita kaɗai daga jimlar aksil biyu na mota a awo na biyu, abin da ya rage shi ne nauyin baki. Idan kuma aka kwatanta lambar ƙafafun gaba a awo ukun, za a ga ainihin kilo nawa sandunan suka mayar. A yi awon da mutanen da za su yi tafiyar, da mai a tanki, da kayan da za a ɗauka da gaske.

A lokaci guda a duba takardar da ke jikin ƙofar direba, wadda ke faɗin nauyin mutane da kaya da motar za ta iya ɗauka. Motar da aka rubuta mata laba 1,500, idan fasinjoji sun ci 500, nauyin baki ya ci 845, mahaɗi ya ci 90, saura laba 65 kacal. Motoci da yawa a nan suke cika tun kafin su kusanci iyakar jan da ake tallata su da ita.

Mene ne lilo, kuma me ke kawo shi?

Lilo shi ne tirela ta fara kaɗa baya dama da hagu, tana juyawa a kan ƙwallo, tana jan bayan mota tare da ita. Abin tsoro a cikinsa shi ne idan gudu ya kai wani mataki, kowace kaɗawa ta kan fi wadda ta gabace ta girma maimakon ta lafa, har a wayi gari tirela ta kifar da kanta da motar. Tirelar kwana tana da dogon gefe mai faɗi da tsayi, iska na samun wurin kamawa. Guguwar gefe tana tayar da shi, haka iskar da babbar mota ke turowa idan ta zo wucewa, haka gangara, haka fizgar sitiyari. Amma waɗannan masu tayarwa ne kawai. Abin da ke sa lilo ya ƙi lafawa galibi shi ne ƙarancin nauyin baki saboda an tara kaya a bayan tayoyin tirela, da gudu fiye da kima, da tayoyi marasa isasshiyar iska, da doguwar tirela a bayan gajeriyar mota.

Waɗanne irin na'urorin hana lilo ne ake da su, kuma wanne ya fi?

Mafi sauƙi kuma mafi araha ita ce sandar goga da ake sa wa daban a gefe: ƙarfe ne mai zamewa cikin kube mai matsi, ƙarshe ɗaya a kan ƙaramin ƙwallo a mahaɗi, ɗayan a jikin tirela. Tana aiki a kan ƙananan tireloli, amma tana da ɗawainiya. Dole a cire ta kafin a yi baya da kwana mai tsanani, in ba haka ba ta lanƙwashe, kuma masu ƙera ta suna cewa a sassauta ta ko a cire ta idan titi na da santsi.

Na biyu su ne waɗanda aka gina hana lilon a jikin sandunan kansu. Maimakon a rataye ƙarshen sanda da sarƙa, sai a ɗora shi a kan ƙafar ƙarfe da aka ɗaure a jikin tirela, ta yadda duk lokacin da tirela ta so juyawa sai ƙarfe ya goge ƙarfe a ƙarƙashin matsi mai yawa. Fastway e2 yana yin wannan gogar a wuri biyu, Equal-i-zer kuma a wuri huɗu, domin ya ƙara da matsi a cikin kan mahaɗin inda sandunan ke juyawa. Reese Strait-Line ya bi wata hanya: ƙarshen kowace sanda yana da lanƙwasa da ke zama a kan wani dunƙulen ƙarfe, idan tirela ta kauce sai sandar ta hau dunƙulen, matsin ya tura ta ta koma tsakiya. Blue Ox SwayPro yana amfani da tsaurin sandunan da gajeriyar sarƙa da aka kame don ya riƙe tirela a miƙe, kuma ba shi da ƙara sosai. Andersen ba shi da sanduna ko kaɗan. Sarƙoƙi ne a miƙe da robobi masu tauri, ƙwallon kuma yana juyawa cikin mazurari mai goga. Ba shi da nauyi, yana da sauƙin ɗauka, sai dai a kan nauyin baki mai yawa mutane kan sha wuya kafin ya mayar da isasshen nauyi gaba.

Na uku su ne Hensley Arrow da ProPride 3P. Waɗannan suna da haɗin ƙarafa masu juyawa da ke sa tirela ta yi kamar wurin juyawarta yana can gaba kusa da ƙafafun baya na mota, don haka turin da ya fito daga tirela ba ya samun damar juya ta, amma mota tana iya jan ta ta yi kwana. Su ne mafi tsada da nisa, mafi nauyi, kuma haɗa su da mota yana buƙatar sabo.

A ganina, ga matsakaiciyar tirela a bayan motar da ta dace da ita, rukuni na biyu ya wadatar kuma shi ne ya fi dacewa da kuɗinsa. Wanda ke jan doguwar tirela, kamar mai mita 9 ko fiye, yana kuma yawan bin hanyoyi masu iska, shi ne ya kamata ya yi tunanin na uku, muddin motarsa na da sauran wurin ɗaukar nauyinsa.

Sanda mai zagaye ko mai kusurwa huɗu?

Mai zagaye tana shiga ne ta ƙarƙashin kan mahaɗi, don haka ta fi kusa da ƙasa kuma tana iya karta a kan tudu idan tirela gajera ce. Mai kusurwa huɗu tana shiga ta baya, ta fi barin sarari a ƙasa, kuma ita aka fi samu a manyan matakai. Bambancin bai kai a tsaya dogon nazari a kansa ba.

Me kuma zan duba kafin in biya kuɗi?

Faɗin gurbin mota, wanda galibi inci 2 ne ko 2.5. Girman ƙwallo, wanda a yawancin tirelolin kwana inci 2 da 5/16 ne, a ƙanana kuma inci 2, kuma an buga lambar a jikin bakin tirela. Tsawon ƙarfen da ke riƙe kan mahaɗi, ko zai iya sauka ko hawa har tirela ta zauna daidai. Sai kuma wanda aka fi mantawa: a auna ƙarfen gaban tirela a ga ko akwai sarari a inda ƙafafun sandunan za su zauna, domin sau da yawa tukwanen gas ko akwatin batir ne ke daidai wurin.

Yaya ake saita shi?

A sami shimfiɗaɗɗen fili, ba tudu ba gangara, mota da tirela kuma da lodinsu. A daidaita tirela ta miƙe, a auna tsayin bakinta, a sa ƙwallo a wannan tsayin ko sama da shi kaɗan. A auna daga ƙasa zuwa madigadin tayar gaba kafin a ɗora tirela, a sake aunawa bayan an ɗora ta ba sanduna, sannan a auna a karo na uku bayan an ɗaure sanduna. Abin nema shi ne gaban mota ya sauko ya koma wajen inda yake da farko. Nawa zai koma? Wasu kamfanonin mota sun ce rabin abin da ya ɗaga, wasu sun ce gaba ɗaya, kuma littafin motar ne abin bi. Abin da babu saɓani a kansa shi ne kada gaban ya sauka ƙasa da inda yake kafin a ɗora tirela, domin hakan na nufin an kwashe wa ƙafafun baya nauyi fiye da kima, su kuma za su iya zamewa a kwana ko a jiƙaƙƙen titi. Ana ƙara ƙarfi ko rage shi ta hanyar karkata kan mahaɗi da wosha, ko canza ramin ƙafar sanda, ko yawan ƙwayar sarƙa. A ƙarshe tirela ta zauna a miƙe ko bakinta ya ɗan sunkuya kaɗan, kada ya ɗaga sama. A ɗaure manyan notuna da ƙarfin da littafin mahaɗin ya faɗa, a kuma sake duba su bayan tafiyar farko.

Sanduna a ɗaure suna riƙe da ƙarfi mai iya karya hannu ko ƙafa. Kafin a ɗaure su ko a kwance su, a bar bakin tirela a kulle a kan ƙwallo, a ɗaga shi tare da bayan mota da jak ɗin tirela har matsin ya ragu.

Balan-balan ɗin iska da ake sa wa bayan mota ba zai wadatar ba?

Yana ɗaga bayan mota ta yi kyan gani, amma ba ya mayar da nauyin da ƙafafun gaba suka rasa, domin ƙwallo na nan yana danna ƙasa a wuri ɗaya. Ana iya amfani da su tare, sai dai a hura shi zuwa yadda za a yi tafiya kafin a saita sanduna.

Ƙarar da yake yi a kwana alamar lalacewa ce?

A irin masu goga, kuka da ƙara a lokacin kwana a hankali abu ne da aka saba, shaida ce cewa ƙarfe na riƙe ƙarfe. Ana sa giris a kan ƙwallo da wuraren da littafi ya nuna kawai. Wanda ya shafa shi a inda aka yi don goga ya rage wa kansa kariyar da ya saya.

Idan lilo ya fara duk da haka, me direba zai yi?

Ya ɗage ƙafa daga totur a hankali, ya riƙe sitiyari a miƙe ba tare da ƙoƙarin bin kaɗawar yana gyarawa ba, kuma kada ya taka birkin mota da ƙarfi, domin tirela za ta turo daga baya lamarin ya ƙaru. Ya kai hannu ga na'urar birkin tirela da ke kusa da shi ya matsa ta, tirelar ta ja baya ita kaɗai, haɗin ya miƙe. Wannan motsi ya cancanci a gwada shi a fili tun kafin ranar buƙata, har hannu ya san wurin ba tare da ido ya bar titi ba. Sababbin motoci da yawa suna da kwamfutar da ke gane lilo ta taɓa birkin tayoyi ɗaya bayan ɗaya, amma sai lilon ya riga ya fara take shiga. Bayan komai ya lafa, a tsaya a wuri mai aminci a duba iskar tayoyi, a duba ko wani kaya ya zame baya a cikin tirela, a mayar da masu nauyi gaban tayoyinta a ƙasa-ƙasa, sannan a ci gaba da tafiya a gudun da bai kai na da ba.